Shekara 45 bayan daren gindin bishiya: lacca a kan tafiyar Buda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, iyayena mata da ke zaune can baya, ɗalibai, sannunku da zuwa. An nemi in yi magana a kan yadda Hindu da mabiya Buda suke ɗaukar mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana neman buɗin zuciya. Ba wa'azi na zo yi ba, kowa a nan ya san alƙiblarsa. Amma sanin abin da wasu al'ummu suka riƙe ba baƙon abu ba ne a gidan iliminmu. Wajen shekarar 1030, Al-Biruni ya koyi harshen Sanskirit, ya rubuta aƙidun Indiyawa yadda su da kansu suke faɗa. Sawunsa nake so mu taka yau.

Sai mun gane matsalar da suke gani kafin mu gane abin da suke nema. Mu rayuwa ɗaya muka sani, sai kabari, sai tashin alƙiyama. Su kuwa sun yi imani cewa ana haihuwar mutum ya mutu, a sake haihuwarsa, aikinsa na baya yana bin sa, haka ba iyaka. Wannan juyi, samsara, ba gata ba ne a wurinsu, kaya ne mai nauyi, kuma burin mai nema shi ne ya fita daga cikinsa. Daga baya malaman Hindu sun tsara wa mutum zango huɗu: ɗalibta, zaman iyali, janyewa daji idan ya ga furfura da jika, sannan ya bar komai, har ya yi wa kansa jana'iza tun yana raye, ya kama yawo da ƙoƙon bara.

Sidarta Gautama, wanda daga baya aka sani da Buda, bai jira furfura ba. An haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, ya rayu wajen ƙarni na 6 zuwa na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ɗan babban gida ne a ƙabilar Sakiya, a garin Kapilabastu. Mahaifiyarsa Maya ta rasu yana da kwana 7, ƙanwarta Mahapajapati ta shayar da shi. Ruwayarsu ta ce ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa, sannan ya ga wani mai zuhudu fuskarsa a sake, sai daɗin gida ya fita masa a rai. Yana da shekara 29 ya fice, ya bar matarsa da jaririnsa Rahula. Wanda ya san labarin Ibrahim bin Adham na Balhu, da ya bar sarauta don neman Allah, zai ji kamar ya taɓa jin wannan. Ni dai wannan wuri yana yi mini nauyi, don jaririn bai yi laifin komai ba. Su ma littattafansu ba su share hawayen gidan ba. Sun ce bayan shekaru, da Rahula ya bi ubansa aka aske masa kai, tsoho Suddodana, mahaifin Sidarta, ya zo da kuka ya roƙa kada a ƙara karɓar yaro ba da iznin iyayensa ba, aka kuma mayar da roƙonsa doka.

Ya yi karatu a gaban malamai biyu, Alara Kalama da Uddaka Ramaputta. Ya ƙure abin da suke da shi na nutsuwar tunani, har aka yi masa tayin jagorancin makaranta, ya ce ba abin da ya fito nema ba ke nan. Sai ya koma ga azabtar da jiki, a bakin kogin Neranjara, tare da abokai 5. Ku saurari yadda aka ruwaito bayaninsa. Abincinsa ya koma ɗan ruwan wake cikin tafin hannu. Haƙarƙarinsa suka fito ana ƙirgawa, idanunsa suka zurma. Idan ya taɓa cikinsa sai ya ji ƙashin bayansa, idan ya shafa jikinsa sai gashi ya zube. Ya riƙe numfashi har kansa yana neman tsagewa. Shekara 6 tun barinsa gida, babu abin da ya samu sai rama.

A nan ne, a ganina, jarumtarsa take. Ya tuna wata rana yana yaro, yana zaune a inuwa mahaifinsa yana aikin gona, zuciyarsa ta kwanta lafiya ba tare da yunwa ko azaba ba. Ya ce watakila hanyar ke nan, sai ya ci abinci. Ruwayoyin baya sun ce wata mata, Sujata, ce ta kawo masa shinkafa da madara. Abokan nan 5 suka ce ya lalace, ya koma son daɗi, suka yi tafiyarsu. Jama'a, mutumin da duk girmansa a idon mutane ramarsa ce, ya yarda ya zubar da wannan girma don ya ga bai kai shi ko'ina ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Daren da mabiyansa suka ce ya samu buɗin zuciya ya zo yana da shekara 35, a gindin wata bishiya dangin ɓaure, a wurin da yau ake kira Bod Gaya, jihar Bihar. Daga nan aka fara ce masa Buda, wato wanda ya farka. Ya taka zuwa Sarnat, kusa da Banaras, ya iske abokan nan, ya gaya musu cewa rayuwa cike take da wahala, tushen wahalar ƙishirwar rai ce, ƙishirwar tana iya mutuwa, kuma akwai hanya ta tsakiya tsakanin holewa da azabtar da kai. A nan ya raba gari da malaman Upanishad, tsofaffin littattafan Hindu. Su sun ce ka nutsa cikin kanka za ka iske wani rai da ba ya canjawa, wanda shi da asalin halitta abu ɗaya ne. Shi ya ce ya duba jiki da ji da tunani, bai ga komai mai dawwama da za a ce "ni" ba.

Masu zane da masu sassaƙa a wannan dare suke tsayawa. Amma dare ɗaya ne, ya kuma rayu shekara 45 bayansa, yana yawo a ƙasa a kwarin kogin Ganga, ba ya zama wuri ɗaya sai watanni 3 na damina. Da safe ya ɗauki ƙoƙonsa ya bi gida gida, kamar almajiri a lungunan birni. Idan kuna son auna abin da ya samu a gindin bishiya, a waɗannan shekaru za ku auna shi.

A ƙasar da haihuwa ke yanke wa mutum matsayi har mutuwa, Upali wanzami ya riga 'ya'yan sarautar Sakiya shiga jama'arsa, don haka dole su rusuna masa. Wannan ƙofa ce Dokta Ambedkar, jagoran waɗanda ake ƙasƙantarwa a Indiya, ya bi a Nagpur a 1956, da dubban ɗaruruwan mutanen da ake ƙyamar taɓawa, suka koma addinin Buda. Mahapajapati, wadda ta shayar da shi, ta nemi a karɓi mata ya ƙi har sau 3. Ta aske kanta, ta taka daga Kapilabastu zuwa Besali, ƙafafunta a kumbure, sai da Ananda, ɗan uwansa kuma ɗalibinsa, ya sa baki ya amince.

Akwai labarin da na fi komawa gare shi. Wata rana yana zagayen ɗakuna ya iske wani ɗalibinsa mai ciwon atuni, kwance cikin ƙazantarsa, ba mai kula shi. Ya tambaye shi dalili, ya ce don ba ya amfana wa kowa komai. Buda ya aiki Ananda ya ɗebo ruwa. Shi yana zubawa Ananda yana wankewa, sannan ya kama kai, Ananda ya kama ƙafa, suka ɗora shi a gado. Ya tara sauran ya ce musu ba ku da uwa ba ku da uba a nan, in ba ku yi jinyar juna ba wa zai yi?

Tsufa bai ƙyale shi ba. Bayansa yakan yi ciwo har ya ce wa babban ɗalibinsa Sariputta ya ci gaba da karatu, shi ya kishingiɗa. Ɗan uwansa Debadatta ya nemi kashe shi. Yana da shekara 80 ya ci abinci a gidan wani maƙeri, Cunda, a garin Paba, ciwon ciki mai tsanani ya kama shi, amma ya ci gaba da tafiya. Cikin wannan hali ya bar wa Ananda saƙo cewa kada a bari kowa ya sa wa Cunda nadama, a gaya masa abincinsa yana da daraja ɗaya da wanda ya ci kafin daren bishiya. A Kushinagar, yana kwance yana jiran ajali, wani mai yawon nema, Subadda, ya zo da tambaya. Ananda ya tare shi, ya ce malam ya gaji. Buda ya jiyo su ya ce a bar shi ya shigo, ya amsa masa, shi ne ɗalibinsa na ƙarshe.

Bayan an ƙone gawarsa bisa al'adarsu, sarakuna da ƙabilu suka ɗaura damarar yaƙi a kan wa zai ɗauki abin da ya rage, sai da wani malamin Barahmawa, wato dangin limaman Hindu, mai suna Dona ya raba shi kashi 8, kowa ya kai nasa gida ya gina masa hubbare. A nan zan dakata. Mai tambaya ya ɗaga hannu, za a miƙo masa makirfo.