Fotokopi a gaban alƙali: ina ƙarfinta ya tsaya?

Jama'ar Damagaram, assalamu alaikum. Yau zancen takarda za mu yi, irin wadda ake shiga da ita gidan shari'a.

A ce mutum ya sayi fili a bayan gari. An rubuta takarda guda, mai sayarwa ya riƙe ta, ya ba shi fotokopi. Bayan shekaru mai sayarwa ya rasu, magada suka ce su ba su san zancen ba. Mai saye ya zaro fotokopinsa daga cikin leda, ta sha ninki har rubutun ya fara dushewa. Alƙali zai karɓa?

Zai duba ta. Amma kundin dokar hulɗar jama'a da Nijar ta gada daga Faransa ya faɗa a aya ta 1334 cewa muddin takardar asali tana nan, kwafi ba ya tabbatar da komai sai abin da ke cikinta, kuma ko yaushe ana iya neman a kawo ta. Da zarar abokin shari'arka ya ce bai yarda ba, a fito da ta asali, fotokopinka ta zama mai jiran gado.

Wani zai ce ai tasa an buga mata hatimi a ma'aikatar magajin gari, ko a kwamisariya. Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Ma'aikacin nan takardu biyu ya jera a kan teburinsa, ya ga sun yi daidai, ya sa hannu, ya buga hatimi. Abin da ya shaida ke nan, ba ƙari. Bai je ya ga filin ba, bai san ko an biya kuɗin ba, bai san ko mai sayarwar ne ke da shi ba. In ta asalin jabu ce, hatimin bai wanke ta ba.

To, in ta asalin ta salwanta fa? Sai a duba wanda ya fitar da kwafin. Takardar da aka yi gaban notar, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta takardun yarjejeniya da shaida su, ainihinta na ajiye a ofishinsa, kuma kwafin farko da ya ba ka ƙarfinsa ɗaya da na asali, kamar yadda aya ta 1335 ta tanada. Hukuncin kotu ma haka, ana neman kwafinsa wurin magatakarda. Amma takardar da kuka rubuta tsakaninku a zaure, in gobara ko ambaliya ta ci ta, doka ta ba ka damar kawo shaidu, bayan ka nuna cewa tsautsayi ne da ya fi ƙarfinka, ba sakaci ba. Mai ajiye takarda a ƙasan tabarma inda gara ke yawo, shi ya sani.

Shi ya sa aya ta 1325 ta ce a cinikin da kowane ɓangare ya ɗauki alkawari, a rubuta takardun asali daidai da yawan ɓangarorin, kowa ya sa hannu a kowace, a kuma ambaci ko guda nawa aka yi. A ganina wannan ce ayar da aka fi takawa, don kawai ana jin nauyin a ce wa dattijo ya sake sa hannu.

'Yan kasuwar Dole kuwa dokarsu ta fi sassauci. A ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka har da Nijar, ana tabbatar da ciniki a kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, har da ta na'ura, don haka rasit ko saƙon WhatsApp na iya shiga, alƙali ya auna.

Gonaki kuma, tun dokar karkara ta 1993 aka kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo. In an yi cinikin gona a gabansu, suna ba da takardar shaida, su ajiye tasu. Ranar da taka ta ɓace, can za ka fara zuwa.