Mita ta ce batir a cike yake, mota ta ce ƙarya ne

Jama'a, ku dubi mitar auna batir ɗin nan da kyau. Bolt 12.6 take nunawa (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin tura wuta), ga shi kuma mota ta ƙi tashi a wannan sanyin na Turai, digiri 18 ƙasa da sifili. Abin da ke ƙona min rai, sai ka ji mutum na cewa sanyi ya shanye wutar batirin. Babu abin da aka shanye!

Batir ba ya ƙera ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da tafiyarsu cikin waya ita ce wutar lantarki. Suna nan dankare cikin wayar tun asali, shi aikinsa turawa ne kamar famfo, daga kan da ke da alamar ragi, su ratsa sitata mai tada inji, su dawo ta kan mai alamar ƙari. A cikinsa ɗakuna 6 ne, kowanne bolt 2.1, farantan dalma a jiƙe cikin ruwan asid. Haɗuwar dalma da asid ɗin ce ke ba da ƙarfin turawar, sanyi kuwa yana sa haɗuwar ta yi nawa, ruwan ya yi kauri, turjiyar cikin batir ta ƙaru. Mita ba ta jan komai, shi ya sa take ganin lafiya lau. Sitata kuwa za ta nemi amfiya 200 ko fiye a lokaci guda (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana), nan take sai ƙarfin ya rufta. Don haka ku auna yayin da wani ke murɗa makulli. In ya faɗi ƙasa da bolt 9.6 a yanayi mai ɗumi, ko 8.5 a irin wannan sanyin, batirin ya gaza.

Kai, ni da na saba da zafi yana cinye batir, ban taɓa zaton sanyi zai fi shi wulaƙanci ba.

Kafin ku zargi batir, ku leƙa kawunansa. Wannan farin garin da ke taruwa a kai, ko turjiyar om 0.01 ya kawo (om shi ne ma'aunin turjiya), a amfiya 200 ya ci bolt 2, kuma wat 400 ya tafi a zafi maimakon juya inji. Ku kankare shi, ku ɗaure tamau.

Ina gargaɗinku, kada ku bar batir babu caji ya kwana a waje. In ya sauka, asid ɗinsa kusan ruwa yake komawa, ya daskare ya fasa kwandon. In za ku kwance shi kuma, wayar ragi ake fara cirewa, don in sifana ta taɓa kan ƙari da jikin mota tare, tartsatsin sai ya narka ƙarfe a hannunku.