Neman Aikin Kare Namun Daji a Lokacin da Kuɗin Tallafi ke Ƙafewa

Ranar 20 ga Janairun 2025, wato ranar da aka rantsar da Donald Trump a karo na biyu, ya sa hannu kan umarnin dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje har tsawon kwana 90. Kafin mako ya zagayo, wasiƙu sun fara sauka a ofisoshin ƙungiyoyi ko'ina a duniya: a tsayar da aiki nan take. A watan Maris sakataren harkokin wajen ƙasar, Marco Rubio, ya sanar da soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen USAID, hukumar da ke raba tallafin Amurka a ƙasashen waje. Zuwa watan Yuli an rufe hukumar.

Abin da ya fi cika labarai a lokacin shi ne magani da abincin agaji, kuma dama su ya kamata a fara kuka a kansu. Sai dai kafin a rufe ta, hukumar nan tana cikin manyan masu zuba kuɗi a harkar kare namun daji. Tun 1995 take ɗaukar nauyin wani shiri mai suna CARPE a dazuzzukan yankin kogin Kongo. Man da ake zuba wa motar sintiri, alawus ɗin masu gadin daji, albashin mai zana taswira a ofis, da yawansu daga wannan aljihu suke fitowa.

Barkanmu da sake saduwa, masu kallo. Wannan bidiyo na wanda ya daɗe yana burin yin aiki da giwaye, ko tsuntsaye, ko kunkurun teku ne, ya kuma fara tambayar kansa ko ya yi makara. Amsata a taƙaice ita ce ba ku makara ba. Amma kafin ku haddace sunayen dabbobi, sai kun fara sanin wanda ke biyan albashi a wannan fage, domin shi ne ke yawan sauyawa.

Mu fara da yawan aikin da ke ƙasa. Rahoton 2024 na ƙungiyar kare namun daji ta WWF ya nuna cewa garken namun dajin da ake bibiya sun ragu da kashi 73 cikin 100, a matsakaicin lissafi, tsakanin 1970 da 2020. A Disamban 2022 ƙasashen duniya sun hallara a birnin Montreal na Kanada, suka amince za su killace kashi 30 cikin 100 na tudu da teku kafin 2030. A wannan shekarar dai wani bincike ya ƙiyasta cewa masu gadin gandun daji a duk duniya kusan 286,000 ne, alhali cika wancan alkawari na buƙatar kimanin miliyan ɗaya da rabi. Ita kanta yarjejeniyar ta Montreal ta yarda akwai giɓin dala biliyan 700 a kowace shekara. Da aka sake zama a birnin Cali na Kolombiya a 2024, an tashi baram-baram kan batun kuɗi, sai da aka koma Roma a Fabrairun 2025 aka ƙarasa. Ga aiki jibge, ga masu son yi, kuɗin biyansu ne ya yi ƙaranci.

To daga ina kuɗin ke fitowa?

Akwai gwamnatin ƙasar da gandun yake. Mutane na ɗaukar aikin gwamnati a matsayin tudun mun tsira, kuma sau da yawa ya fi sauran daɗewa, amma a Fabrairun 2025 an sallami ma'aikata kusan 1,000 daga hukumar gandun dajin Amurka a lokaci guda, kafin kotu ta shiga maganar. Akwai tallafin ƙasashe masu arziki, wanda kun ji abin da ya same shi. Amurka ma ba ita kaɗai ta ja hannu ba. Birtaniya ta rage nata daga kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5 a 2021, sannan a 2025 ta ce za ta mayar da shi 0.3 don ta ƙara wa harkar tsaro. Akwai kuma yawon buɗe ido, wanda ke riƙe da gandun daji da dama a Kenya da Ruwanda da Tanzaniya. A 2020 annobar korona ta tsayar da jiragen sama, baƙi suka ɗauke ƙafa, aka rage albashin masu gadi, wasu aka ce su tafi gida. Sai gidauniyoyi da attajirai, waɗanda kuɗinsu ya fi saurin fita, ra'ayinsu kuma ya fi saurin juyawa.

Abin lura shi ne waɗannan rijiyoyi ba sa ƙafewa a rana ɗaya. Kowace da nata rani. Kuma wadda ta ƙafe tana iya sake kawo ruwa. A Brazil, asusun kare dajin Amazon, wanda Norway da Jamus ke zuba wa kuɗi, ya daskare a 2019 zamanin shugaba Jair Bolsonaro. Ranar farko da shugaba Lula ya koma mulki a Janairun 2023 aka farfaɗo da shi. Kusan shekara huɗu kenan. Waɗanda suka ci moriyar dawowarsa su ne waɗanda suka samu abin riƙe kansu a tsakani ba tare da sun yi nisa da fagen ba.

Saboda haka duk ranar da aka kira ku ganawar ɗaukar aiki, idan aka ce ko kuna da tambaya, ga ta: wane ne ya ba da kuɗin wannan kujera, kuma yaushe tallafin zai ƙare? Kada ku ji nauyin yin ta. Yawancin guraben ƙungiyoyi masu zaman kansu a ɗaure suke da wani shiri na shekara uku zuwa biyar. In an ɗauke ku a shekara ta huɗu, kun san tsawon igiyarku. Manyan ƙungiyoyi kuma suna wallafa rahoton kuɗinsu na shekara a intanet. Ku buɗe ku duba. Ƙungiyar da rabin kuɗinta daga hannun mutum ɗaya yake, ko gwamnati ɗaya, tana tsaye ne da ƙafa ɗaya.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, kuma sabon kiɗan da ake yi yanzu na masu lissafi ne. A 2023 Ekwado ta sake sayen bashin da ake bin ta na kusan dala biliyan 1.6 da rangwame, bisa sharaɗin za ta riƙa zuba wani kaso a kare tekun tsibiran Galapagos. Belize ta yi irin haka a 2021, Gabon ma a 2023. A 2022 Bankin Duniya ya fitar da takardar lamuni ta dala miliyan 150 domin baƙar karkanda a wasu gandun daji biyu na Afirka ta Kudu, kuma ribar da masu zuba jari za su samu ta dogara ne kan yadda karkandar ta ƙaru. Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Dole wani ya ƙirga karkandar, wani ya tantance ƙirgar, wani ya rubuta yarjejeniyar, wani ya riƙe littafin kuɗi. Akanta da lauya da mai ƙididdiga duk sun samu shiga.

Doka ma na haifar da aiki. A Ingila, tun Fabrairun 2024, yawancin masu sababbin gine-gine sai sun nuna cewa za su bar wa halittun wurin ƙarin kashi 10 cikin 100 a kan yadda suka same su. Reshen Bankin Duniya mai bai wa kamfanoni rance, IFC, yana da sharaɗin da ke tilasta wa mai gina madatsar ruwa ko haƙar ma'adinai da ya karɓi rancensa ya auna illar aikinsa ga halittu. Kamfanonin da ke wannan awo suna ɗaukar masana tsirrai da tsuntsaye da jemagu. Wasu na ganin aiki da mai haƙar ma'adinai kamar cin amanar daji ne. Ni ban ga haka ba, muddin mutum zai rubuta abin da ya gani, ko da bai yi wa mai biyansa daɗi ba. Inda nake ɗari-ɗari shi ne kasuwar sayar da takardun rage hayaƙi ta hanyar kare daji, waɗanda kamfanoni ke saye don su maye gurbin hayaƙin da suke fitarwa. A 2023 binciken jaridun Guardian da Die Zeit ya jefa shakku kan ingancin da yawa daga cikinsu, farashinsu ya faɗi, guraben aiki suka bi shi.

Yanzu sai abin da za ku riƙe a hannu. Digirin nazarin dabbobi abu ne mai kyau, amma masu shi suna da yawa. Abin da ke raba mutum da tarin takardun neman aiki shi ne sana'ar da za a iya nunawa. Zana taswira da kwamfuta na kan gaba, kuma manhajar QGIS kyauta ce. Haka manhajar R ta ƙididdiga. Gandun daji da dama suna amfani da manhajar SMART ko EarthRanger wajen rubuta inda masu sintiri suka bi da abin da suka tarar, tarko ne, ko sawun mafarauci, ko mushe. Kyamarar da ake ɗaurewa a jikin bishiya tana iya tara dubban hotuna a wata guda, galibinsu ciyawa ce iska ta kaɗa, kuma sai an samu mai tacewa. Wanda ya iya rubuta takardar neman tallafi da turancin da mai kuɗi zai karanta har ƙarshe, ko da faransanci, shi ne na ƙarshe da ake sallama, don shi ke jawo albashin sauran. Amfanin waɗannan sana'o'i shi ne ba su san iyakar daji ba. Mai taswira zai iya yi wa hukumar noma ko ta lafiya aiki shekara biyu, ya dawo in ƙofa ta buɗe.

Akwai wata sana'ar da makaranta ba ta cika koyarwa ba, kuma a ganina ta fi duk waɗannan tsada: iya zama da mutane. Wanda ya shiga wannan aiki don ya gaji da mutane, yana son dabbobi, zai sha mamaki. Giwa ɗaya tana iya cinye gonar shekara a dare ɗaya. Zaki ya kashe saniya, mai saniyar ya zuba guba a mushen, gubar ta kashe zakin, ta haɗa da ungulaye masu yawa. Wanda zai je ya zauna da manomin nan, ya saurari fushinsa har ya huce, shi ne ke ceton giwar. A Kenya, Lucy King da ƙungiyar Save the Elephants sun gwada kewaye gona da amya da aka haɗa da waya. Giwa na tsoron ƙudan zuma, in ta taɓa wayar amyar ta girgiza, sai ta juya, manomi kuma ga zuma ya samu. A yankin Amboseli, shirin Lion Guardians da aka fara a 2007 ya ɗauki samarin Masai, waɗanda a da kashe zaki ne abin alfaharinsu, aka mayar da su masu bin sawunsa suna gargaɗin makiyaya. Namibiya kuwa tun 1996 ta yi dokar da ta ba al'ummomin karkara ikon kula da namun dajin yankinsu da cin amfaninsu. Wanda ya san harshen mutanen wuri, ya san yadda ake shiga wurin dattawansu, yana da abin da baƙo mai digiri uku ba zai saya ba.

Ta ina ake farawa in babu kowa a sama? Ana yawan kawo labarin Jane Goodall, shahararriyar mai nazarin birai, wadda ta isa Gombe ta Tanzaniya a 1960 ba ta da digiri. Labari ne mai daɗi, amma zamaninsa ya wuce. Abin da ke aiki yau shi ne shaida. Ku zaɓi wuri ɗaya, tafki ko kurmi ko bakin kogi, ku riƙa ƙirga tsuntsayensa duk mako kuna sakawa a manhajar eBird ko iNaturalist, inda ake tara irin waɗannan bayanai. Bayan shekara kuna da bayanan da babu wanda ya tara su sai ku. Da irin wannan ake tunkarar masu ƙananan tallafi, irin su gidauniyar Rufford ta Birtaniya, da asusun Mohamed bin Zayed na Abu Dhabi, da shirin Conservation Leadership Programme, waɗanda masu tasowa ke iya neman tallafinsu. Mai son horo na aikin hannu kuma akwai kwalejin Mweka a gindin dutsen Kilimanjaro, wadda aka kafa a 1963, da makarantar namun daji ta Garwa a Kamaru.

Ku yi hattara da wuraren da ke cewa ku biya kuɗi ku zo aikin sa kai. Wasu na gaskiya ne. Wasu kuwa yawon buɗe ido ne aka sa wa rigar agaji. A Afirka ta Kudu an daɗe ana fallasa gonakin da baƙi ke biya su shayar da 'ya'yan zaki da bulumboti, suna zaton marayu ne za a mayar daji, alhali kiwonsu ake yi don farauta ko sayar da ƙashi. Haka digiri na biyu: kada ku ci bashi dominsa sai kun ga tallar aiki da ta nemi shi, ko kun samu mai ɗaukar nauyi.

Sauran magana ɗaya, ga masu sha'awar kakin gadin daji. A gandun Virunga na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, wanda aka kafa a 1925, sama da masu gadi 200 ne aka kashe a bakin aiki. Wurare da yawa mai gadi na kwana a daji makonni, ba inshora, ba takalmin kirki. An kuma sha zargin wasu masu gadin da cin zarafin mazauna gefen daji, abin da ya sa masu ba da tallafi yanzu ke neman a horar da su kan haƙƙin ɗan'adam. Kafin ku sa hannu a kwantiragi, ku tambaya ko akwai inshorar rai, ku tambaya wa zai ɗauko ku in kun ji rauni, kuma asibiti mafi kusa awa nawa ne a mota.