Darasi: gwada laftof ta hannu kafin ka cika kuɗi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau laftof ce a gabana, HP EliteBook 840 G5. Wani ƙanina ne ya kawo min ita jiya da yamma, mai ita ya ba shi kwana biyu ya duba kafin ya cika kuɗi. Na ce masa ajiye ta nan, da ita za mu yi darasin yau. Filashata na soke a gefe, duk manhajojin suna ciki, irin waɗanda ake buɗewa kai tsaye ba sai an girka ba. Na san kun iya saukewa, ba zan tsaya a nan ba.

CPU-Z tukuna, manhajar da ke nuna ainihin kayan da ke cikin laftof. Sitikar jikin ta ce Core i5 ƙarni na takwas, amma sitika kowa na iya mannawa. Ga abin da firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, ke faɗa da bakinta: i5-8250U. Wannan 8 ɗin na farko shi ne ƙarni. Ƙasa kaɗan, Cores 4, wato ƙananan injina huɗu a cikin firosesa, Threads 8, wato layukan aiki takwas. Da a ce 7200U ce, 2 da 4 za ku gani, kuma Windows 11 a hukumance daga ƙarni na takwas take farawa. Windows 10 kuwa Microsoft ta daina ba ta tallafi tun 14 ga Oktoba 2025, don haka tazarar ƙarni ɗaya ɗin nan kuɗi ce. Mu leƙa shafin Memory. Ram 8GB, an rubuta Single, wato sanda ɗaya ce. Wannan samfurin rami biyu gare shi, in ƙanina ya ƙara sanda ta biyu zai ji bambanci. To, nan lafiya.

Sai CrystalDiskInfo, mai duba lafiyar ma'ajiyar fayiloli, hadis ko SSD. Wannan ba na wasa da ita, kuma zan gaya muku dalili. Shekarun baya na saya wa wata ɗaliba laftof a hannun wani, na kunna, ta tashi da sauri, sikirin fes, na ce mata ta yi. Wata biyu ba su cika ba ta dawo tana kuka, hadis ya mutu, aikin kammala karatunta duk yana ciki, ba ta da kwafi ko ɗaya. Na kwana uku ina fama, rabi na iya cirowa. Da na ba manhajar nan minti ɗaya a ranar saye, da na ga launin ɗorawa. Har yau abin yana raina.

Ku dubi akwatin nan na hagu. Shuɗi, Good, 91 cikin 100. Shuɗi lafiya, ɗorawa Caution, ja kuwa ka mayar wa mai ita abarsa ko a cire kuɗin sabon SSD. Can dama akwai Power On Hours, awa 14,200. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, wato ta yi kamar shekara ɗaya da wata bakwai a kunne. Ga injin ofis wannan ba komai ba ne. Ni abin da ke sa ni ɗaga gira shi ne laftof ta 2018 da aka ce ba a taɓa taɓa cikinta ba, amma awa 30 ne a rubuce. An canja SSD ke nan. Ba laifi ba ne, amma a faɗa maka. CrystalDiskMark, mai auna saurin SSD, na riga na yi gwaji da ita kafin mu fara, ta ba ni MB 540 a daƙiƙa wajen karatu, ka ga SSD ɗin nau'in SATA ce. Da NVMe ce, nau'in da ya fi sauri, za ta haura 1,500, tsohon hadis mai juyi kuwa da ƙyar zai wuce 100.

Batir ba ya buƙatar manhaja. Buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, rubuta powercfg, tazara, batteryreport... a'a, tsaya, na sa layin da ya karkata baya, na gaba ake so, wato /batteryreport. Yauwa. Ga fayil ɗin ya fito. Design Capacity, wato cajin da yake ɗauka yana sabo, wajen 50,000, Full Charge, wanda yake ɗauka yanzu, 36,000. Kusan kashi 72 ya rage. Zai yi amfani, amma da yanayin wutarmu ina ganin wannan abin neman ragi ne.

Yanzu wurin da nake so ku natsu. Caja a jiki, dole. In ka gwada a kan batir, Windows za ta riƙe firosesa, ka sami maki kaɗan, ka zargi mutum a banza. A kan tebur kuma, ba a kan katifa ko darduma ba, don iska ta ƙasa take shiga. Buɗe HWiNFO, mai nuna zafi da gudun firosesa, zaɓi Sensors-only, ja ta gefe. Buɗe Cinebench R23, mai ɗora wa firosesa aiki mai nauyi ta ba ta maki, danna Start na Multi Core. Tana yin minti 10, ku bar ta ta cika. Akwai ta 2024 da ta fito bayanta, amma ga injin ram 8 na fi son R23, ta fi sauƙi, kuma na saba da makinta.

Ku kalli gudun. Ta tashi wajen 3.4GHz, zafi digiri 88. Ku jira... ku jira... kun gani? Ta sauko 2.3. Nan ne na daɗe ina kuskure. Da ina ganin saukowar nan sai in ce zafi ne, in kwance laftof, in canja man da ake shafa wa firosesa don fitar da zafi, in mayar, in sake gani. Ashe ba matsala ba ce. Wannan firosesa watt 15 aka tsara ta ta ci. Ana ƙyale ta ta zarce na kamar rabin minti, daga nan a dawo da ita layi. Saboda haka saukowa iri biyu ce. Gangara ƙasa a HWiNFO, akwai layin Power Limit Exceeded, akwai layin Thermal Throttling. In na farko ne ya ce Yes, kuma zafin na tsaye a 70 da wani abu ko 80, haka kamfani ya yi ta. In na biyu ne ya ce Yes, zafin na manne da 97, 99, 100, to wuta take ci, tana rage gudu ne don ta ceci kanta. Ku sake duba layin biyu, kada ku haɗa su. Ɗaya tsari ne, ɗaya ciwo.

Tamu bayan minti 6 zafi ya koma 94, kuma ga shi, Thermal Throttling ya fara cewa Yes jefi-jefi. Sa hannu a gefen da iska ke fita. Ina jin ƙarar fanka, amma iskar 'yar kaɗan ce. Ƙura ce ta toshe, ko man ya bushe. Kuma ku tuna wannan ɗakin akwai fanka a sama. Ku ɗauke ta ku kai ɗakin kwanan ɗalibai a Kano cikin watan Afrilu, zafi 40 a waje, babu wuta, za ta fi haka wahala. Gyaran ba tsada, sharewa da sabon mai, ina yi a shago cikin rabin awa, kuma duk wanda ya zo da filasha ina zuba masa manhajojin nan kyauta. Maki ya fito 2,900 da 'yan kai. Bayan na share ta zan sake gwadawa ku ga tazarar da idonku.

FurMark, mai gwada katin hoto, na tsallake, wannan ba ta da katin hoto na daban, ba abin da zan gasa.

Saura ram. MemTest86, mai gwada ram, ba a cikin Windows take aiki ba, daga filasha take tashi. A HP, F9 wajen kunnawa, zaɓi filasha. Zagaye 4 take yi, yana cin awanni, kuskure ko ɗaya ya fito da ja, akwai matsala, galibi daga sandar ram ɗin. Bari in sake kunnawa... F9... yauwa, ta fara ƙirga. Zan bar ta a kan inbata ta kwana. Da safe in Allah ya kai mu mu duba, sannan mu kwance bayanta mu ga fankar.