Babban cocin Katolika na Khartum da idon magini

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Gaisuwa ta musamman ga magina da birkilolinmu na Mai Wurno, Gadarif, Kasala da Umdurman, domin bidiyon yau naku ne kafin na kowa. Hotunan da za ku gani an ɗauke su tun kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, muryar ce kawai ta yanzu. Tsakiyar Khartum ta sha wuta, kuma idan aikin gyara ya kankama hannun Bahaushe zai shiga ciki. Ina son duk usta, wato babban magini, da aka kira kan tsohon gini ya san abin da ke gabansa kafin ya farke buhun siminti.

Wannan da kuke gani a bakin kogin Nilu Azrak, dab da gadar Mak Nimir, shi ne cocin Waliyyi Matiyu, mazaunin Akbishop, wato babban bishop, na Khartum. 'Yan mishan na Katolika sun sauka garin nan tun shekarun 1840, da tallafin Ostiriya. Daniel Comboni, bishop ɗan Italiya wanda sunansa ke kan makarantu a Sudan, a garin nan ya rasu a 1881. Da Mahadi ya ci garin a Janairun 1885 aikin mishan ya tsaya cik. Ginin da ke tsaye an kammala shi a 1908, daidai shekarun da kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 suke kafa zama a bakin wannan kogin, can wajen Sinnar. Ranar 10 ga Fabrairu 1993 Fafaroma John Paul na Biyu ya shiga cikinsa.

To ku dubi fuskar ginin. Ga hasumiya doguwa, ga ƙananan hasumiyoyi masu tsini, ga babbar taga zagayayya. Salon shi ake kira Romanesk, ginin Turai na ƙarni na 11 da na 12 da aka farfaɗo da shi a ƙarni na 19. Alamarsa kauri a bango da baka mai rabin da'ira a kan ƙofa da taga. In kun ga baka mai tsini a sama, wannan salon Gotik ne, wani gida daban.

Bakan nan zan daɗe a kai, don shi ne ƙashin bayan ginin. Bakan gizo namu na gida, irin na masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, azara ce ke riƙe da shi: ana jera ta hawa-hawa daga bango, kowane hawa ya ɗan leƙo gaba, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa. Bakan bulo ba shi da azara ko rodi a ciki. Nauyi ne kawai ke riƙe da shi, kowane bulo yana danne ɗan'uwansa. Lissafinsa mai sauƙi ne: tsayinsa rabin faɗinsa. Ƙofa mai faɗin mita 4, bakanta zai tashi mita 2. Kafinta zai fara yin ƙirar katako, a ɗora ta kan sanduna, a sa ƙananan katakai masu tsini a ƙarƙashi don a iya sassautawa daga baya. A kafa ƙusa a tsakiyar da'irar, a ɗaura igiya. Kowane layin kwaɓi dole ya kalli ƙusar nan, igiyar ce alƙali. Ana jera bulo daga dama da hagu a tare, ba a gama gefe ɗaya a dawo ɗayan, in ba haka ba ƙirar za ta karkace. Bulon tsakiya shi ne makulli, shi ake sawa a ƙarshe. Katakon kuma ba a fizge shi rana ɗaya, ana sassauta shi kaɗan-kaɗan bayan makonni.

Matsalar baka ita ce ba ƙasa kaɗai yake danna nauyi ba, yana tura ƙafafunsa waje. Shi ya sa bango ke da kauri, kuma an raba cikin cocin gida uku: babban zaure a tsakiya, siraran zauruka biyu a gefe. Na gefen suna tokare na tsakiya. Haka tsinin da ake ɗorawa a kan madogarar bango, a asalin fasahar ba ado kaɗai ba ne, nauyinsa yana karkato da turin zuwa ƙasa. Idan ƙafar baka ta buɗe ko da santimita biyu, za ku ga tsaga a tsakiya ta ƙasan bakan, da wasu biyu a kafaɗunsa ta baya. Wanda ya cike tsagar ya tafi bai yi komai ba, ciwon yana ƙafa.

Mu shiga ciki. Ladabin wurin: namiji yana cire hula amma ba ya cire takalmi, ana neman izinin Fada, wato limamin cocin, kafin a ɗaga kyamara, kuma ba a hawa dakalin gaba inda bagade, wato teburin ibadarsu, yake.

Cocin Katolika an tsara shi ne ya ja ido daga ƙofa zuwa gaba, kuma komai da mazauninsa. A bakin ƙofa akwai ƙaramin kwano na ruwan albarka. A jikin bango akwai tashoshin Hanyar Gicciye, hotuna 14 da ke ba da labarin tafiyar Yesu Almasihu daga hukunci zuwa kabari bisa aƙidarsu. Fafaroma Clement na 12 ne ya tsayar da adadin a 1731, kuma kowace tasha da lambarta, don haka in an sauke su saboda gyara a rubuta inda kowacce take. A gaba akwai mumbarin karatu, akwai kujerar bishop, wadda ita ce ke mai da coci babban coci, sai bagade. A da bagaden yana manne da bangon ƙarshe, bayan babban taron Batikan na Biyu, daga 1962 zuwa 1965, aka koma janye shi don Fada ya fuskanci jama'a. A kan dutsensa ana zana ƙananan gicciye biyar, kuma bisa al'ada ana binne wani abu na jikin waliyyi a cikinsa. Akwai kuma ƙaramin akwati mai makulli da ake ajiye gurasar da aka keɓe, da fitila a gefensa, galibi ja. In fitilar tana ci, gurasar tana ciki. Ma'aikaci ba ya taɓa akwatin nan da fitilarsa, masu wurin ne ke kwashewa kafin a kafa tsani.

Hotunan ma suna da harshensu. Marubuta Bishara huɗu kowa da alamarsa: Matiyu mutum mai fukafukai, Markus zaki, Luka bijimin sa, Yohanna gaggafa. Maryamu da shuɗin mayafi ake yawan zana ta. A cocin Katolikan Sudan za ku riƙa cin karo da fuska biyu. Ɗaya Comboni mai gemu, wanda aka ayyana waliyyi a 2003. Ɗayar Josephine Bakhita, 'yar Darfur da aka sace tana yarinya aka sayar da ita baiwa, ta ƙare rayuwarta a garin Schio na Italiya a 1947, aka ayyana ta waliyyiya a 2000. Da baƙar rigar 'yan zuhudu ake zana ta, da lambar wuya a ƙirji.

Zanen bango iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin aiki. Akwai wanda ake yi a kan ɗanyen shafen farar ƙasa, launi ya shiga jikin bango ya zama ɗaya da shi. Akwai wanda ake yi a kan busasshen shafe, launin yana zaune ne a sama da ɗan danƙo. Tsofaffin zane-zanen cocin Faras na Nubiya, da 'yan Polan suka tono daga 1961 zuwa 1964, na biyun ne. Jiƙaƙƙen tsumma ɗaya ya isa ya share fuskar da ta shekara ɗari. Ƙurar guguwar habub da buroshi mai laushi ake ɗauke ta, a bushe, daga sama zuwa ƙasa, kuma inda launi ya fara tashi ɓawo-ɓawo a bar shi sai mai sanin aikin ya zo. Fentin mai kuwa, don Allah kada ya kusanci bangon.

Mu ɗaga kai mu dubi zagayayyar taga. Ƙashinta hannaye ne da suka fito daga cibiya zuwa gefe, kowanne yana danne da zoben waje, wato ita ma baka ce da ta zagayo ta haɗe. Gilashin launi a irin waɗannan tagogi ba guda ɗaya ba ne. Ƙananan yanka ne da ake zura su cikin sandunan dalma masu kwari biyu, a like mahaɗa da narkakken kuza da dalma, a cusa kwaɓin alli da man zane a kwarin don kada ruwa ya shiga, sannan a ɗaure allon da wayar jan ƙarfe a jikin sandunan ƙarfe da ke gicciye a baya. Fuska da ninkin riga ana zana su da baƙin launi mai garin ƙarfe, a gasa a wuta sama da digiri 600. Dalma tana da taushi, zafin Khartum kuwa yana haura digiri 40 a Mayu da Yuni, shi ya sa allo ke yin ciki idan wayar ta tsinke. Inda girgizar bam ta zubar da gilashi, kada a share. A ɗauki hoto, a tsince gutsattsarin, na ƙarƙashin kowace taga a kwalinsa, a rubuta. Da su ake gane launi da kauri.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ginin wancan zamani yawanci jan bulo ne da kwaɓin farar ƙasa, wadda ake kira jir a kasuwar nan. Ku gwada kafin komai: ƙusa tana karce kwaɓin jir cikin sauƙi, yana da haske, da ɗigon fari a ciki. Taushin nan ba rauni ba ne. Ƙasar Khartum laka ce mai kumbura da damina, ta tsuke da rani, gini yana motsi a kai. Jir yana bin motsin, kuma yana barin danshi ya fita ta layin kwaɓi. Siminti ya fi bulon ƙarfi, ba ya lanƙwasa, ba ya barin ruwa ya wuce. Sai danshin da ke tasowa daga ƙasa, musamman a bakin kogi da ya yi ambaliya a 1988 da 2020, ya bi ta cikin bulon da gishirinsa. Gishirin ya bushe a ƙarƙashin fatar bulo, ya kumbura, fuskar ta zube gari. Za ku ga farin layi kamar mita ɗaya daga ƙasa. A goge shi a bushe a kwashe, in aka wanke da ruwa komawa ciki yake yi.

Haɗin jir kuma ga yadda yake. Ƙonannen dutsen ake zubawa a cikin ruwa, ba ruwa a kansa ba, da tabarau da safar hannu, domin tafasa yake yana tsartuwa. A tace, a bar shi a rami da ruwa a samansa aƙalla wata 3. Awo ɗaya na jir, awo uku na yashi mai kaifi da aka wanke. A ƙwaƙule tsohon layi da hannu, ba da injin yanka ba, zurfin ya ninka faɗinsa sau biyu. A jiƙa bulon, a cusa kwaɓin a danne. Jir ba bushewa yake so ba, iska yake sha a hankali ya koma dutse, don haka a rufe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara, ana yayyafawa safe da yamma na mako guda ko fiye. Wanda ya bar shi a rana zai dawo ya tarar da gari. Shafe kuma kada hawa ɗaya ya wuce kaurin santimita ɗaya da rabi.

Tsagar bango kada a yi gaggawar cike ta. A manna ɗan farin filasta a gicciye a kanta, a rubuta kwanan wata, a bar shi ya ga damina ya ga rani. In ya fashe, ginin yana tafiya, maganar ta koma ta injiniya da tushe. A hasumiya a duba ƙarfen da ke binne cikin bulo, domin tsatsa tana kumbura ta fasa bango, a kuma kwashe kashin tantabara da ke toshe indararo.

Jerin aikin ke nan in an kira ku. Masu kwance bam su fara shiga, duk ƙarfen da ba ku sani ba kada ku taɓa. Sai hoto na kowane bango. Sai rufi da indararo, a hana ruwa shiga kafin damina. Sai tokare duk bakan da ya tsage da katako. Kwaɓi, shafe da launi su ne na ƙarshe. Mai tambaya kan haɗin jir ya ajiye ta a ƙasan bidiyon, zan amsa a na gaba in Allah ya yarda. Sai an jima.