Gidajen Dutse na Cotswolds: Ruwan Sama Ne Ya Zana Su

Ku dubi jerin gidajen nan. Arlington Row ke nan, a ƙauyen Bibury da ke yankin Cotswolds na ƙasar Ingila. Wajen shekarar 1380 aka gina shi don ajiyar ulu, sai a ƙarni na 17 aka mayar da shi gidajen masaƙa.

Tun daga tushe har rufi, dutsen farar ƙasa ne, wanda aka haƙo a yankin. Yana da taushi lokacin da aka ciro shi, ana iya yanka shi da zarto, sai ya ƙara tauri in ya sha iska. Launinsa na zuma kuwa, sinadarin ƙarfe ne da ke cikinsa.

Yanzu ku ɗaga kai ku kalli rufin, don nan gwanintar take. Fale-falen duwatsu ne aka saƙala da turakun katako. A dā, a ƙauyen Stonesfield, inda ake haƙo irin waɗannan duwatsun rufin, ba guduma ce ke tsaga su ba. Sai a haƙo dutsen a bar shi a fili yana jiƙe, sanyin hunturu ya daskarar da ruwan da ke cikinsa, ya tsage da kansa. Manyan su ake jerawa a ƙasa, bisa bango, inda ruwa ke taruwa, ana hawa suna ƙanƙancewa har ƙololuwa. Kun ga yadda rufin ya miƙe tsaye? Dutsen yana shan ruwa, dole ruwan ya gangare da sauri kafin ya ratsa. Nauyin kuma ba wasa ba, shi ya sa bangon ke da kaurin da kan kai rabin mita.

Tagogin ƙanana ne, an raba su da siraran ginshiƙan dutse. Wannan layin da ya turo a samansu kamar gira, masu yawon buɗe ido kan ɗauka ado ne, alhali aikinsa kawar da ruwa daga taga.

Abin takaici, gyara ya fi tsufa ɓarna a irin gidajen nan. Magina na dā da kwaɓin farar ƙasa suke haɗa duwatsun, laima ta shiga ta fita abinta. In aka cike da siminti, sai laimar ta rasa mafita, ta tsaya cikin dutsen. Da sanyi ya zo, fuskar bangon ta fara ɓarewa tana zubowa, simintin kuwa yana nan daram.