Yadda Reza Ke Sa Takarda Ta Miƙe Kamar Roba

Ku ɗauko fallen takarda ku ja shi da hannu biyu. Ba zai miƙe ba, in kun matsa masa sai dai ya yage. To ga wani fallen irinsa, amma shi na bi shi da reza na yi masa gajerun tsagogi a gicciye, jeri-jeri, kowane jeri ya goce wa na kusa da shi yadda magini ke jera bulo. Ku dubi abin da ke faruwa da na ja. Tsagogin suna wangale baki, takarda ta zama raga, tsawonta ya ƙaru sosai, in na sassauta kuma ta koma kusan yadda take.

Takardar dai ita ce, hanyar da ƙarfin jan ke bi ce ta sauya. Duk abu mai sirantaka yana da gardama wajen miƙewa, amma lanƙwasa shi ba wuya. In ka rage kaurinsa da rabi, miƙa shi zai yi sauƙi ninki 2, lanƙwasa shi kuwa ninki 8. Tsagogin nan sun raba fallen zuwa ƙananan ɓangarori, sai kowannensu ya lanƙwashe ya karkace ya ɗago sama, maimakon zaren takardar kansa ya ja. Japanawa suna kiran fasahar yanka takarda kirigami, kuma a 2015 masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka sun yi irin wannan yankan a jikin girafin, wani fallen sinadarin kabon da kaurinsa atam (ƙwayar zarra) ɗaya ne tak, ya riƙa miƙewa yana komawa.

Ragar ƙarfen da masu walda ke sa wa taga, mai idanu zubin lu'ulu'u, da wannan dabarar ake yin ta: a tsattsaga farantin ƙarfe a ja shi. Amma inda abin ya fi taɓa mini zuciya shi ne asibiti. Wanda wuta ta ƙone da yawa, lafiyayyar fatar da za a ɗiba a dasa masa ba ta isa. A 1964 likitoci Tanner da Vandeput suka bayyana wata na'ura da ke tsattsaga fatar, sai a buɗe ta ta rufe wurin da ya fi ta faɗi, wani lokaci har ninki 3. Ramukan suna ba ruwan ciwo hanyar fita, sabuwar fata kuma ta toho ta cike su.

Sai dai kowace huda tana da kuɗinta. Ƙarfin da ya rasa hanya ta tsakiya, gefen ramin yake taruwa. Wani injiniya Bajamushe, Kirsch, ya lissafa a 1898 cewa a gefen rami mai da'ira ƙarfin jan yana ninkawa sau 3. A 1913 Charles Inglis na Ingila ya nuna cewa in ramin ya yi tsini, ninkin ya wuce haka nesa ba kusa ba. Ku matso da ido ƙarshen tsagar nan tawa, ga shi ta nan ta fara yagewa. Shi ya sa a falle na uku na huda ɗan rami zagayayye a ƙarshen kowace tsaga kafin in ja. Bari mu ga iya inda zai kai.